Masana Falakin Kerala: Daga Lokacin Husufi Zuwa Jeri Marar Iyaka

A shekarar 1431 wani malamin falaki mai suna Parameshvara, wanda gidansa yake Alathiyur a bakin kogin Nila a yankin Kerala, kudu maso yammacin Indiya, ya fitar da sabon tsarin lissafin taurari, ya sa masa suna Drigganita, wato lissafin da ya dace da abin da ido ya gani. Tun 1393 yake zaman duban husufin rana da na wata yana rubutawa, kuma lokacin da littattafan magabata suke ba shi ba ya haɗuwa da lokacin da wata yake shiga inuwa. Almajirin ɗansa ya ce shekara 55 ya yi yana wannan dubo. Parameshvara almajirin Madhava na Sangamagrama ne, wanda ya rayu daga wajen 1340 zuwa 1425. Daga Parameshvara ilimin ya gangaro wa ɗansa Damodara, sai Nilakantha Somayaji da aka haifa a 1444, sai Jyeshthadeva da Shankara Variyar, har zuwa Achyuta Pisharati da ya rasu a 1621. Wannan silsilar malami da almajiri ita ake kira makarantar Kerala. Yawancinsu ’yan gidajen Brahman ne na Nambudiri, ƙauyukansu kusa da juna, suna kuma rubutu da tsinken ƙarfe a kan busasshen ganyen wani nau’in giginya.

Abin da suke nema na yau da kullum ne a addininsu na Hindu. Ranar ibada ana ƙayyade ta da tithi, lokacin da wata yake ɗauka kafin ya ƙara wa rana rata da digiri 12. Akwai zaɓen sa’ar aure da ta hadaya, akwai duba, akwai husufi. A cikin waɗannan duka husufi ne kaɗai yake tona asirin mai lissafi, domin kowa yana iya ɗaga kai ya gani.

Tushen aikin littafin Aryabhata ne na shekarar 499. Mataki na farko ƙidayar kwanaki ce, ahargana: kwana nawa suka wuce tun farkon zamanin Kali, wanda aka ajiye a 18 ga Fabrairu, shekara 3102 kafin Miladiyya. Aryabhata ya ce a babban zamani na shekara 4,320,000 akwai kwana 1,577,917,500, kuma a cikinsu wata yana zagaye 57,753,336. Sai ka ninka kwanakinka da yawan zagaye, ka raba da yawan kwanakin babban zamani. Cikakkiyar lambar da ta fito ka jefar da ita, zagayen da aka riga aka kammala ne. Ragowar ce abin nema: ka ninka ta da 12 ka sake rabawa ka sami buruji, ka ninka sabuwar ragowa da 30 ka sami digiri, da 60 ka sami minti. Wannan shi ne matsakaicin wurin wata, inda zai kasance da a ce gudunsa ba ya canzawa.

Matsala biyu ce a nan. Ta farko nauyin lambobi, kuma tun a 683 Haridatta ya rage shi a tsarin Parahita: ya raba babban zamani gida 7,500, ya fito da ƙaramin zamani na shekara 576 mai kwana 210,389 cif, babu ragowa. Ta biyu ta fi muni. Lambobin Aryabhata sun dace da sama a zamaninsa, amma kuskuren zagaye ɗaya tak a babban zamani yana zama sulusin sakan na baka (na kusurwa, ba na agogo ba), ko kusa da haka, a kowace shekara, kuma yana taruwa. Parahita ya zo da gyara: ka cire 444 daga shekarar kalandar Shaka, ka ninka saura da 9, ka raba da 85, abin da ya fito mintoci ne da za ka rage wa wata. A 1431, wadda ta yi daidai da Shaka 1353, gyaran ya kai minti 96, fiye da digiri ɗaya da rabi. Wata yana tsere wa rana da kimanin minti 30 na baka a awa guda, don haka wanda ya manta wannan gyara zai kauce wa lokacin husufi da awa uku. Parameshvara ya ga har da gyaran ma lissafi bai zauna ba, sai ya sauya adadin zagayen, ya kuma daina ɗauka cewa dukkan taurari sun tashi daga sifili ranar farko ta Kali. Abin sha’awa, ba a watsar da Parahita ba. An ci gaba da amfani da shi wajen sa’o’in ibada, aka bar wa sabon tsari husufi da makamantansa.

Lambobin nan duka a ka ake riƙe su, ta hanyar katapayadi. Wanda ya san ramzin da malaman Sakkwato suke rufe waƙa da shi, inda shinun yake 1000 ra kuma 200, ya riga ya san rabin dabarar. Bambancin shi ne a ramzi tara darajar haruffa ake yi, a katapayadi kuwa kowane baƙi lamba ɗaya ce daga sifili zuwa 9, gurbinsa ne yake ba shi nauyi. Ka, ṭa, pa da ya duk 1 ne; kha, ṭha, pha da ra 2; haka har zuwa na da ña, waɗanda suke sifili. Baƙin da ba shi da wasali ba a ƙirga shi, idan baƙaƙe sun haɗu na ƙarshe ake ɗauka, kuma daga dama ake karanta lambar. Tun da kowace lamba tana da baƙaƙe da yawa, mai hikima yana iya ƙera jimla mai ma’ana. Nilakantha ya buɗe littafinsa Tantrasangraha da kiran ubangijinsa Vishnu, kuma kalmomin farkon suna ba da 1,680,548: kwanan Kali ne da ya faɗo a watan Maris na 1500, ranar da ya fara rubutun.

Da wannan hanya aka adana jimlolin wata guda 248 da ake danganta wa Vararuchi. Gudun wata yana raguwa idan ya yi nisa da ƙasa, yana ƙaruwa idan ya matso, kuma wannan juyi yana cika sau tara a kwana 248, da saɓanin kimanin minti 13 na agogo. Kowace jimla tana faɗin nisan da wata ya yi tun ranar da yake can nesa. Ta farko, gīr naḥ śreyaḥ, tana ba da 1203, wato digiri 12 da minti 3, ƙasa da matsakaicin gudunsa na digiri 13 da minti 10 a kwana. Saboda ɗan saɓanin nan yana taruwa, akwai manyan zagaye na kwana 3,031 da na 12,372 da ake fara cirewa. Madhava ya sake lissafa jimlolin har zuwa sakan. Ya kuma lura cewa 248 a raba tara 27 ne da biyar bisa tara, don haka farkon kowane juyi yana faɗowa a wani sashe dabam na yini. Da wannan ya fitar da wurin wata sau tara a kwana ɗaya, tsakanin kowanne awa 2 da minti 40, ba tare da sabon jadawali ba.

Daga matsakaicin wuri zuwa na haƙiƙa akwai gyaran manda, kuma a nan ne jya take shigowa. Idan ka ɗauki yanki na da’ira a matsayin baka, jya rabin tsirkiyar bakan da ya ninka shi biyu ce, abin da ɗaliban sakandare suka sani da sin. Indiyawa suna auna ta da ma’aunin da suke auna bakan. Kewaye minti 21,600 ne, don haka rabin faɗin da’ira ya kama 3438 a wajen Aryabhata, kuma jadawalinsa yana da jya 24, ɗaya a kowane minti 225. Gyaran wata shi ne bakan da jyarsa ta kai bakwai bisa tamanin na jyar nisansa daga wurin da ya fi nesa, wanda a ƙarshensa yake kai digiri 5. Aibin jadawalin yana tsakanin gidajensa. Idan kusurwarka ta faɗo tsakanin gida biyu ka cike da rabo na kai tsaye, kamar baka miƙaƙƙen layi ne, kuskure yana kusantar minti 2 a wajen digiri 90. Kuma 3438 kansa an cike shi ne. Madhava ya ba da 3437 da sakan 44 da salisa 48, salisa kuwa kashi ɗaya ce cikin 60 na sakan. Samun wannan lamba yana buƙatar sanin rabon kewaye da faɗi, π, sosai da sosai.

Babu littafin lissafi na Madhava da ya iso gare mu. Baitocinsa a littattafan almajirai suke, hujjojin kuma a Yuktibhasha na Jyeshthadeva, wanda aka rubuta wajen 1530 da zube, cikin harshen Malayalam na mutanen ƙasar maimakon Sanskrit. Ga yadda hujjar π take tafiya. Ka zana murabba’i da da’ira a cikinsa tana taɓa gefuna huɗu. Daga inda ta taɓa gefen gabas zuwa kusurwar kudu maso gabas rabin gefe ne, tsawonsa daidai da rabin faɗin da’irar, yana fuskantar kashi ɗaya cikin takwas na kewaye. Ka yanka shi gunduwa n daidai wa daida, ka ja layi daga tsakiya zuwa kowace mahaɗa. Waɗannan layuka su ne karna. Ta kamanta alwatika biyu-biyu ana nuna cewa ɗan bakan da yake fuskantar kowace gunduwa ya yi kusa da tsawon gunduwar, a ninka da murabba’in rabin faɗi, a raba da karna biyun da suke gefenta. Idan gunduwoyin sun yi ƙanana ƙwarai, karna biyun kusan ɗaya suke, sai a ɗauki murabba’in ɗaya.

Yanzu kowace gunduwa tana da nata abin rabawa, kuma wannan ba aikin da hannu zai iya ba ne. Dabarar ita ce a raba duka da murabba’in rabin faɗi, wanda ya fi ƙanƙanta, sannan a cire rarar da aka samu. Rarar ita ma tana da wancan abin rabawa mai wahala, sai a sake yi mata haka, a cire rara daga rara, ba ƙarshe. Abin da ya rage shi ne tara murabba’an lambobi daga 1 zuwa n, da ninkinsu na huɗu, da na shida. Jyeshthadeva ya nuna cewa idan n ta yi girma, jimillar murabba’ai tana kusantar n³ a raba 3, ta ninki na huɗu n⁵ a raba 5, haka har gaba. Gwada da 100: jimillar gaskiya 338,350, kintace 333,333, saɓani kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Da 1000 saɓanin ya ragu sau goma. Ibn al-Haytham ya riga ya fitar da jimillar ninki na huɗu a ƙarni na 11, amma a Kerala aka yi maganar kowane ninki gaba ɗaya. Idan aka haɗa, rubu’in π ya zama 1 − 1/3 + 1/5 − 1/7, da dukkan lambobin mara, ana cirewa ana ƙarawa.

Jerin yana da kyau a ido, amma a haka ba ya aiki. Gaɓa goma, har zuwa 1/19, a ninka da huɗu, suna ba da 3.0418, ko lamba ɗaya bayan ɗigo ba ta daidaita ba. Kuskuren yana kusan ɗaya bisa yawan gaɓoɓin, don haka lamba goma bayan ɗigo tana cin gaɓa biliyoyi. A ganina gwanintar Madhava ta fi fitowa a abin da ya yi bayan nan. Ya ce ka tsaya inda ka ga dama, ka sa gyaran ƙarshe a madadin duk abin da ka bari. Idan gaɓar ƙarshe cirewa aka yi, gyaran ƙarawa ake yi. Gyara mafi sauƙi shi ne 1 bisa 4n, inda n a nan yawan gaɓoɓin ne: ga gaɓa goma 1/40 ke nan, kuma π ya koma 3.14184. Na biyu n bisa 4n² + 1, wato 10/401, yana ba da 3.1415902. Na uku n² + 1 bisa 4n³ + 5n, wato 101/4050, yana ba da 3.14159271, alhali lambar gaskiya 3.14159265 ce. Gaɓa goman nan dai, babu ƙari.

Yadda ake tantance gyaran ma an bayyana shi. Idan gyara cikakke ne, wanda ya tsaya a 1/17 da wanda ya tsaya a 1/19 dole su sami amsa ɗaya, wato gyara biyun a haɗe su ba da 1/19 daidai. Abin da suka gaza da shi ana kiransa sthaulya, kuma shi ake matsewa har ya ƙanƙance. Daga wannan aka fitar da wasu jerin masu sauri, aka kuma sami na saiwar 12, wanda kowace gaɓarsa ake ƙara raba ta da uku, gaɓa 21 su ba da lamba 11 bayan ɗigo. Madhava ya ce da’ira mai faɗin 900,000,000,000 kewayenta 2,827,433,388,233 ne, wato 3.14159265359. A 1424 al-Kashi a Samarkand ya wuce haka, ya kai lamba 16, amma ta tsohuwar hanyar Arkimidis ya bi, da siffa mai gefe 805,306,368 da fitar da saiwa bayan saiwa. Nilakantha kuma ya faɗa a sharhinsa na Aryabhata cewa ma’aunin da ya auna faɗi ba ragowa ba zai auna kewaye ba ragowa ba, komai ƙanƙantarsa. Bai kawo hujja ba. Lambert ne ya kawo ta a 1761.

Gaskiya lamba 11 ta wuce buƙatar kowane husufi da ake duba da ido da agogon ruwa. Buƙata ce ta tayar da aikin, daga baya son abin ya ja su gaba.

Jerin jya ya fi nuna cewa masu aiki da hannu ne suka tsara shi. Madhava ya riga ya lissafa lambobi biyar na dindindin ya sa su a kalmomi biyar: vidvān salisa 44, tunnabala sakan 33 da salisa 6, ta uku minti 16, sakan 5, salisa 41, ta huɗu 273, 57, 47, ta biyar 2220, 39, 40. Ka raba bakanka da 5400, mintocin rubu’in da’ira. Ga digiri 30, minti 1800 ke nan, rabon sulusi ne, murabba’insa ɗaya bisa tara. Ka fara daga ƙarama: ka raba ta da tara ka cire daga ta biyu, ka raba abin da ya fito da tara ka cire daga ta uku, ka sami 16.0336, haka ta huɗu ta zama 272.1815, ta biyar 2190.4187. Wannan ta ƙarshe da ninki na uku ake ninka ta, ɗaya bisa 27, a sami 81.1266, a cire daga 1800. Amsa minti 1718, sakan 52, salisa 24, wadda ita ce rabin 3437, 44, 48 daidai, kamar yadda jyar digiri 30 ya kamata ta zama. Wurin da ake tuntuɓe biyu ne: a ninka matakin ƙarshe da murabba’i maimakon ninki na uku, ko a yar da salisa tun da wuri don a huta, kuskuren ya biyo har ƙarshe. Irin wannan ninki daga ciki zuwa waje shi kwamfuta take bi a yau wajen irin wannan lissafi.

Husufin rana yana da nasa ƙalubale. Mai dubo a bayan ƙasa yake, lissafi kuwa daga cibiyarta aka yi shi, saboda haka lokacin haɗuwar rana da wata yana gusawa, har zuwa nadika huɗu, minti 96 na agogo, idan rana tana kusa da fitowa ko faɗuwa. Girman gusawar ya dogara da lokacin, lokacin kuma ya dogara da gusawar. Maganinsa maimaitawa: ka lissafa gusawa da lokacin farko, ka gyara lokacin, ka sake lissafawa da sabon, har amsa biyu a jere su daina bambanta. Wanda ya tsaya a zagaye na farko zai sami husufin tsakar rana kusan daidai, na hantsi da na la’asar sakaliya su kuɓuce masa.

Sauyi mafi girma a falakin kansa na Nilakantha ne. Ga Mirrihu (Mars) da Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) tsohon tsari yana tafiya daidai. Ga Uɗarid (Mercury) da Zuhura (Venus) kuwa, magabata suna ɗaukar matsakaiciyar rana a matsayin matsakaicin tauraron, su yi mata gyaran manda, amma idan sun zo lissafin karkatar tauraron arewa ko kudu da hanyar rana sai su koma ga wani ma’auni dabam da suke kira shighrocca. Nilakantha ya ce wannan ba ya yiwuwa. Karkatar Uɗarid tana cika a kwana 88, ta Zuhura a kwana 225, kuma abin da yake karkata shi ne tauraron kansa, don haka abin da ake kira shighrocca shi ne tauraron, shi ya kamata a yi wa gyaran. Tun da Uɗarid ba ya zagaye ƙasa a kwana 88, ba ya ma nisa da rana fiye da digiri 28, hanyarsa ba ta kewaye ƙasa ba. Hoton da ya fito shi ne taurari biyar suna zagaye matsakaiciyar rana, ita kuma tana zagaye ƙasa, kusa da wanda Tycho Brahe ya buga a 1588. Gyaran ya fi tasiri ga Uɗarid, wanda bambancin matsakaicin wurinsa da na haƙiƙa, idan an auna daga rana, yake haura digiri 23.

Newton ya sami jerin jya a 1669, Gregory ya sami na baka a 1671, Leibniz na π bayansa da shekara biyu ko uku. Ko daga Kerala abin ya je musu? Hanya dai akwai: Vasco da Gama ya sauka kusa da Kalikut a 1498, limaman Jizuwit sun zauna a Kochi, Matteo Ricci ma ya yi zama a can kafin ya wuce Sin. Amma ba a samo wasiƙa ko fassara ko ɗaya da ta nuna jerin sun bi wannan hanya ba, kuma hujjojin Turawan ba su yi kama da na Yuktibhasha ba. Masu cewa kalkulas ne sukutum su ma sun zarce. Mutanen Kerala suna da jeri, da jimillar ƙananan yankuna, da gudun wata na nan take wanda Nilakantha ya ba da ƙa’idarsa, Achyuta ya faɗaɗa ta. Amma duk a kan da’ira da ƙwallo suka yi su, ba su ware su suka zama hanya ta kowace irin lanƙwasa ba. Turai ta fara jin labarinsu ta maƙalar Charles Whish, ma’aikacin kamfanin Ingila a Malabar, da aka buga a 1834, aka kuma yi biris da ita kusan shekara ɗari, sai a shekarun 1940 C. T. Rajagopal da abokan aikinsa suka koma kanta. An buga sashen lissafi na Yuktibhasha da Malayalam a 1948, cikakkiyar fassarar K. V. Sarma zuwa Ingilishi kuma ta fito a 2008.